Babi na Shida: Hunturu da Hawan Jini a Tsohuwar Hanyar Gwanja

Idan kaka ta wuce, aka kammala yankan dawa a ƙasar Bawku, aka haƙe doya aka jibge ta a rumfunan gona a karkarar Yendi da Salaga, sai a wayi gari wata safiya a ga rana ta fito fara sol kamar wata daren sha huɗu, hazo ya lulluɓe kukoki da kaɗanyu, leɓɓa sun soma tsagewa, wanki yana bushewa tun mai shanya ba ta koma ɗaki ba. To, daga nan babba da yaro kowa ya san hunturu ya sauka. Iska ce da ke tasowa daga Sahara, ta ɗebo ƙura mai laushi, akasarinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta ratso Barno da ƙasar Hausa, ta bi ta Gurma, ta zauna a arewacin Gana tun daga ƙarshen Nuwamba har zuwa Fabrairu ko farkon Maris. Kuma hanyar da take bi ba ta yi nisa da wadda fataken Kano da Katsina suka bi shekaru aru-aru zuwa Gwanja neman goro ba, wasu ta Borgu da Sansanin Mango su faɗo Yendi, wasu ta ƙasar Mosi su ratso wajen Bawku da Gambaga, dukansu kuwa Salaga ce maƙasudinsu.

Mu mutanen zango mun saba ɗaukar hunturu a matsayin rahama tsakanin wahala biyu, wato laka da sauron damina a baya, da ƙunar bazara a gaba. Barci yana daɗi, hatsi yana rumbu, hanyoyi sun bushe, bukukuwa sun yawaita. Illolin da muka sani nasa kuwa duk na fili ne, mura da tari da haɓo da faso da kaushi, waɗanda man kaɗanya da citta da haƙuri sukan wadatar a kansu. Amma akwai wata illa tasa da ba ta bayyana a fata ko a hanci, tana can cikin jijiyoyin jini inda ido ba ya kaiwa, ita ce kuwa abin da wannan babi zai yi magana a kai.

Ina da wani kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi shekaru yana sayar da goro a kasuwar Yendi, mutum ne mai ƙarfin jiki, mai yawan ibada, wanda ba a taɓa jin ladan ya riga shi farkawa ba. An taɓa auna shi a asibiti aka ce jininsa ya hau, aka ba shi magani, ya sha na 'yan watanni, da ya ji babu inda ke masa ciwo sai ya ajiye. Wata asuba cikin Janairu ya fito tsakar gida da 'yar shara, ya yi alwala da ruwan randar da ta kwana a waje, ya tafi masallaci. Ana cikin raka'a ta biyu na kusa da shi ya ji ya jingino da shi, da aka sallame aka ga bakinsa ya karkace, hannunsa na hagu ya saki. Aka ce iska ce ta buge shi, aka kai shi gida aka yi ta tofi da hayaƙi, ba a nufi asibiti da shi ba sai bayan la'asar. Ya rayu shekara huɗu bayan haka da rabin jiki, kuma duk sa'ad da na je gaishe shi, na durƙusa na ce, "Kawu, yaya ƙarfin jiki?" sai ya ce da ni da harshensa da ya yi nauyi, "Ɗana, da godiya. Amma ni fa ban taɓa jin ciwon komai ba kafin ranar nan." Allah ya jiƙansa. Gaskiya ya faɗa, kuma a cikin gaskiyar nan tasa ne dukan haɗarin wannan cuta yake.

Haƙiƙar hawan jini da yadda aka san awonsa

Zuciya tana tura jini cikin jijiyoyi kamar yadda mai ban-ruwa ke tura ruwa cikin tiyo, kuma kowane bugu yana da ƙarfin da yake dannar bangon jijiya da shi. Malaman ɗibbu na Musulunci sun daɗe da sanin cewa bugun jijiya yana ba da labarin abin da ke cikin jiki, har Ibn Sina ya keɓe masa dogon bayani a cikin littafinsa al-Ƙanun, ya kuma lura cewa yana sauyawa da sauyin lokutan shekara. Sai dai su da yatsa suke ji, yatsa kuwa ba ya ba da adadi. Wani malamin coci na Ingila, Stephen Hales, shi ne ya fara auna ƙarfin jini, a jikin doki, ya bayyana sakamakonsa a 1733. A 1896, shekarar da Jamusawa suka gwabza da Dagomba a Adibo kusa da Yendi, wani likita na Italiya mai suna Riva-Rocci ya ƙago ɗamarar da ake naɗawa a damtse a hura mata iska, sa'an nan a 1905 Korotkoff na Rasha ya gano yadda ake sauraron jijiya a fitar da lamba biyu. Ta sama ita ce ƙarfin jini lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuwa lokacin da ta saki tana hutawa, dukansu kuma da milimita na zaiba ake lissafa su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye iyaka cewa wanda aka auna shi a ranaku biyu mabambanta aka sami ta sama ta kai 140 ko ta wuce, ko ta ƙasa ta kai 90 ko ta wuce, to yana da hawan jini. A rahoton da ta fitar a 2023 ta bayyana cewa masu wannan larura a duniya sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kuma kusan rabinsu ba su san suna da ita ba. A Gana, da aka tattara binciken shekaru masu yawa aka haɗa a 2021, an sami fiye da mutum ɗaya cikin kowane huɗu na manya yana ɗauke da ita. Ma'anar wannan ita ce, duk sahun da ya cika a masallacin Juma'a na Salaga ko na Bawku, da wuya a ƙirga mutum goma a jere ba a wuce biyu ko uku masu hawan jini ba, mafi yawansu kuwa, kamar kawuna, babu inda ke musu ciwo. Cutar tana aikinta ne a hankali cikin shekaru, tana kaurara bangon jijiya, tana gajiyar da zuciya, tana cin ƙoda da ido, har ranar da wata jijiya a ƙwaƙwalwa za ta toshe ko ta fashe. Shi ya sa ya dace a kira aikinta kisan mummuƙe.

Abin da ɗari ke yi wa jijiya

Allah cikin hikimarsa ya halicci jiki da dabarar tsare ɗuminsa. Idan sanyi ya taɓa fata, sai ƙananan jijiyoyin da ke ƙarƙashinta su tsuke, domin jini ya janye daga gaɓoɓi ya koma ciki inda zuciya da hanta da ƙoda suke. Wannan ne ya sa yatsu ke ƙandarewa da asuba. To, amma jinin bai ragu ba, hanyarsa ce ta ƙuntata, kuma duk manomin lambu a bakin Farar Bolta ya san cewa idan ya matse bakin tiyo da babban yatsa ruwa yakan fita da ƙarfi. Ga lafiyayyen saurayi wannan ba kome ba ne, jijiyarsa tana da taushi, tana miƙewa tana komawa. Amma ga dattijo, ko ga wanda jijiyoyinsa suka riga suka taurara da hawan jini ko ciwon sukari ko taba, ƙarin nan kaɗan yana iya zama ɗigon da zai sa tulu ya tumbatsa.

Likitoci sun tabbatar da wannan da awo a wurare masu nisa da juna. Geoffrey Rose ya bayyana shi a Ingila tun 1961. A ƙasar Sin, wani babban bincike da ya haɗa mutum kimanin rabin miliyan a yankuna 10, wanda aka buga a 2012, ya nuna cewa lambar sama takan fi da kimanin milimita 10 a lokacin sanyi a kan lokacin zafi. Mai karatu yana iya cewa wannan zancen ƙasashen ƙanƙara ne, ina ruwan wanda ke zaune a inda rana ke ƙuna ko a Janairu. Amsarsa kuwa tana nan kusa da gida. A gundumar Kasena-Nankana, wajen Navrongo, cikin jiha ɗaya da Bawku, Setor Kunutsor da John Powles sun auna mutanen karkara 574, suka buga sakamakon a 2010, inda suka ga cewa duk lokacin da zafin iska ya ƙaru da digiri 10, lambar sama tana sauka da kimanin milimita 5, wato duk lokacin da ya ragu da haka tana hawa da haka. A Sakkwato ma, likita Simeon Isezuo ya bi bayanan waɗanda aka kwantar a asibiti saboda illolin hawan jini, irin su gazawar zuciya da shanyewar ɓarin jiki, ya bayyana a 2003 cewa sun fi yawa a hunturu a kan bazara.

Abin da ya sa hunturunmu ke da nasa haɗari na musamman shi ne tazarar da ke tsakanin darensa da ranarsa. Da azahar zafi yana iya kaiwa digiri 35, da asuba kuwa ya sauko ƙasa da 20, wani lokaci har wajen 15. Gidajenmu kuma, musamman na bulo da kwano, an gina su ne domin korar zafi, ba su riƙe ɗumi, tufafinmu ma haka. Mutumin ƙasar ƙanƙara ya san abokin gabarsa, ya yi masa shiri da bango mai kauri da murhu da riga bisa riga. Mu kuwa sanyi yakan same mu a sake, kullum a sa'a ɗaya, alhali sa'ar nan ita ce wadda jini da kansa yake hawa cikinta bisa ɗabi'a, domin an daɗe da sanin cewa ƙarfin jini yakan yi ƙasa cikin barci, ya yunƙuro da farkawa, kuma shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya sun fi aukuwa tsakanin safiya da hantsi. Ga kuma ƙura da hayaƙin ƙunar daji da ake shaƙa, waɗanda ƙananan ƙwayoyinsu ke shiga huhu su dami jijiyoyi. Ga raguwar gumi, wanda ta hanyarsa jiki ke zubar da wani kaso na gishiri. Ga ƙarancin shan ruwa, domin iska tana busar da mutum ba tare da ya ji ƙishirwa sosai ba.

Tsaron asuba

Tun da an san sa'ar da ɓarawo ke zuwa, to, hankali ya hukunta a tsare ƙofa a sa'ar nan. Mai hawan jini, da duk wanda ya haura shekara 50, in ya farka kada ya zabura ya fita daga bargo zuwa tsakar gida kai tsaye. Ya zauna a bakin gado na ɗan lokaci, ya sa riga mai kauri da hula da safa tun yana cikin ɗaki, ya yafa gwado ko mayafi, ya rufe hanci da baki da rawani ko gyale, sa'an nan ya fita. Kakanninmu fatake da suke naɗa rawani su ja amawali su rufe fuska ba ado kaɗai suke yi ba, sanin hanya ne. Wannan ya shafi mai babur da ke sammako daga Yendi ko Salaga zuwa Tamale, da mai albasa na Bawku da ke shiga lambu ban-ruwa tun gari bai waye ba, da tsohuwar da ke fita hura wutar koko da ƙosai tun kafin kiran salla.

Game da alwala da wanka, wajibi ne a faɗi magana a sarari, domin na ga dattawa da yawa suna ganin ɗumama ruwa kamar rage lada ne. Babu saɓani tsakanin malamai cewa tsarki da ruwa mai ɗumi ya inganta. Kuma littattafan fiƙihun Malikiyya da muka karanta a zaure, tun daga Ahlari har Risala, sun halatta taimama ga wanda ke tsoron ruwa zai jawo masa cuta, ko ya ƙara masa wadda yake da ita, ko ya jinkirta warkewarsa. Shari'ar da ta yi wannan rangwame ba za ta zargi wanda ya ɗora buta a wuta ba, balle kuma kiyaye rai yana cikin manyan manufofinta guda biyar da malaman usulu suka lissafa. Saboda haka ya kamata 'ya'ya da jikoki su ɗauki wannan a matsayin wani ɓangare na biyayyar iyaye: a tafasa ruwa tun da dare a zuba a fulas, a ajiye kusa da buta a cikin ɗaki, domin kada tsoho ya taɓa ruwan randa da asuba, wanka kuwa, in ba na wajibi ba ne, a bari sai hantsi ya ɗaga.

Sai dai a kiyayi gyaran da ya fi ɓarna muni, wato shigar da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana sa ciwon kai da jiri, tana kuma iya ɗauke rai cikin barci. A ji ɗumin wuta a sarari ko a zaure mai iska, ɗaki kuwa a toshe kafofinsa, a ƙara bargo. Haka nan kada tsoron sanyi ya zaunar da mutum wuri ɗaya, gama motsa jiki magani ne. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta shi ne minti 150 a mako na aiki matsakaici kamar tafiya da sauri, wato rabin sa'a kowace rana, kwana biyar a mako, lokacin da ya fi dacewa da ita kuwa a hunturu shi ne hantsi ko bayan la'asar, a ranar da hazo bai yi kauri ba.

Gishiri da kanwa da goro

Wanda ya san tarihin Salaga ya san cewa abu uku suna cikin waɗanda suka raya kasuwarta kafin Turawan Ingila su ci Kumasi a 1874, kafin kuma yaƙin basasar 1892 ya watsa mutanenta zuwa Kete-Karachi da Yeji da sauran zangogi, cikinsu har da Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano. Na farko goro, wanda ke fitowa daga kurmin Tonawa, wato Asante. Na biyu kanwa, wadda ayari ke ɗaukowa a kan jakuna tun daga Barno. Na uku gishiri, na Daboya da na Ada da ake haurowa da shi ta kogin Bolta. Waɗannan ukun har yau suna cikin tukunyarmu da aljihunmu, kuma dukansu suna da magana da mai hawan jini.

Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, ruwan ya ƙara yawan jini, jinin ya ƙara dannar jijiya. Mizanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye wa baligi shi ne ƙasa da giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da duk wanda ke ɓoye cikin abinci. Ɗunƙulen magi kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Kifin da aka adana da gishiri, irin su kobi da momoni, da shito, da yajin tsire, da taliyar leda da ƙullin kayan ɗanɗanonta, duk ma'ajiyar gishiri ne. Uwargidan da ta jefa magi uku a miyar kuka, ta ƙara kifi mai gishiri, sa'an nan ta barbaɗa gishiri, ta zuba abu ɗaya ne sau uku da suna uku. Hanyar gyara ba ita ce a ware wa maigida tukunyar lami ba, domin wannan ba ya ɗorewa. A rage wa gida duka sannu a hankali, harshe yakan saba cikin 'yan makonni, a kuma mayar da ɗanɗano ga daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da masoro, waɗanda da su kakanninmu suka yi miya kafin a san magi.

Kanwa kuwa 'yar'uwar gishiri ce, domin sinadarin sodiyam da ke hawar da jini a cikin gishiri shi ne a cikinta, ko da yake harshe ba ya jin ta da gishiri-gishiri. Muna sa ta a wake da shinkafa, da tubani, da miyar kuɓewa da ayoyo domin yauƙi, da kunu. A shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun yi nazarin ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawa a can, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa haɗe da wankan ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a gadon wuta. Darasin nan bai tsaya ga masu jego ba: mai hawan jini ya ɗauki kanwa a matsayin gishiri, a jiƙa wake tun dare domin ya nuna ba tare da ita ba, ko a sa ɗan kaɗan ƙwarai.

Goro shi ne mafi wuyar magana, domin da shi muke neman aure, da shi muke raɗa suna, da shi muke girmama baƙo. Yana ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke cikin gahawa da shayi, wanda ke ɗaga ƙarfin jini na wasu sa'o'i, ya kuma hana barci. A hunturu kuwa cinsa yana ƙaruwa, tare da shayin ataya mai kauri da sukari da ake zagayawa da shi a majalisa har dare ya raba. Ba a ce a yi hannun riga da shi ba, abin nema shi ne tsakaitawa: ɓari ɗaya da hantsi ya bambanta da goro biyar daga asuba zuwa lisha, wanda kuma jininsa bai daidaita ba tukuna ya fi masa alheri ya karɓa ya yi godiya ya sa a aljihu. Taba ce kaɗai babu tsakaitawa a cikinta, ko ta hayaƙi ko ta gari da ake shaƙa ko a cusa a leɓe. A maimakon waɗannan a yawaita ruwa ko ba a ji ƙishirwa ba, da ganye irin su zogale da rama da alayyafo, da wake, da lemo da gwanda da ke samuwa a wannan lokaci. Zoɓo marar sukari da yawa an ga yana ɗan sassauta jini, amma taimako ne, ba ya zama a madadin magani. Mai ciwon ƙoda shi kam ya tambayi likita kafin ya sauya abincinsa.

Magani da awo

Magungunan da aka fi bayarwa a asibitocin Gana, irin su amlodipine da nifedipine da bendroflumethiazide da lisinopril, ba sa tumɓuke cutar, riƙe ta suke yi kamar yadda linzami ke riƙe doki, ranar da aka saki kuwa ya koma gudunsa. Wanda ya ji sauƙi ya ajiye magani ya yi kamar wanda ya ga ɗakinsa ba ya yoyo ya kware jinka. Tsarin inshorar lafiya na ƙasa, wanda aka kafa da dokar 2003, yana ɗauke da maganin hawan jini, katinsa kuma ana iya sabunta shi ta wayar hannu; ƙananan ɗakunan lafiya na ƙauyuka da ake kira CHPS, waɗanda asalinsu wani gwaji ne da aka yi a Navrongo cikin shekarun 1990, ana iya zuwa a auna jini a cikinsu. Mai tafiya fatauci, da wanda ke zaune inda fitina kan sa a hana fita, kamar yadda Bawku ta sha gani, ya kamata ya karɓi sabon magani tun na hannunsa yana saura na mako guda.

A kiyayi kuma maganin mura na kanti. Da yawa daga cikin masu buɗe hanci suna ɗauke da pseudoephedrine ko phenylephrine, waɗanda aikinsu shi ne tsuke jijiya, wato abin da sanyi ya riga ya yi. Magungunan ciwon gaɓoɓi kamar diclofenac da ibuprofen, waɗanda tsofaffi ke yawan sha idan ɗari ya motsa musu gwiwa, su ma suna riƙe gishiri a jiki, suna raunana aikin maganin hawan jini, suna taɓa ƙoda. Kafin a sayi ko ɗaya a gaya wa mai kantin magani cewa ana da hawan jini. Haka kuma jiƙe-jiƙen da ake talla a mota da lasifika, waɗanda ba a san abin da ke cikinsu ba, barinsu shi ne aminci.

Yadda ake awo yana da ladubbansa. A zauna minti 5 a wuri mai ɗumi, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa, damtse a tsiraice daidai da zuciya, ba a ci goro ko an sha shayi ko taba cikin rabin sa'ar da ta wuce ba, ba a kuma magana. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, da safe kafin shan magani da kuma da dare, kwana 7 a jere a farkon hunturu, a rubuta a littafi a kai wa likita. Awon gida in matsakaicinsa ya kai 135 bisa 85 ya hau. Likita ne zai ƙara magani in hunturu ya buƙaci haka, shi ne kuma zai rage in bazara ta shigo a Maris da Afrilu, mutum ya soma jin jiri idan ya miƙe tsaye. Kada majiyyaci ya yi wa kansa wannan hukunci. Tun da kuma azumi yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, ya fara cikin Fabrairu a 2026, zai kuma kai farkon Janairu a 2030, to shekarun nan Ramadan a hunturu zai riƙa samunmu, sahur da tahajjud a tsakiyar ɗari. Sai a je wa likita tun cikin Sha'aban ya tsara lokutan shan magani tsakanin buɗa-baki da sahur.

Idan kuwa aka ga baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko magana ta sarƙe, ko gani ya dushe farat ɗaya, ko ƙirji ya ɗaure da nauyi, ko numfashi ya gagara, ko aka auna aka ga 180 bisa 120 tare da matsanancin ciwon kai, to, ba lokacin jira ba ne. A yi addu'a a cikin mota, a kan hanyar asibitin Salaga ko na Yendi ko na Bawku, daga can in da hali a wuce Asibitin Koyarwa na Tamale. Kowace sa'a da ta wuce wani yanki ne na ƙwaƙwalwa ke mutuwa, kuma sa'o'in da kawuna ya yi a gida tsakanin asuba da la'asar su ne na fi tunawa da baƙin ciki. Mai juna biyu da ta ji ciwon kai mai tsanani ko ta ga fuska da hannuwa sun kumbura, ita ma haka.

Madugun da ke jagorantar ayari daga Kano zuwa Gwanja mutum ne mai tawakkali, ba ya tashi sai malamin ayari ya yi addu'a. Amma bai taɓa ɗaukar tawakkali a matsayin dalilin barin lissafi ba. Ya san watan da koguna ke janyewa, ya san zangon da ke da rijiya da wanda babu, ya san guzurin kwana nawa ke cikin mangala. In ya isa Salaga kuwa ba ya sayen goro da ƙiyasin ido, sai an zauna an ƙirga, ɗari-ɗari a ƙwarya, an duba kowane ɗaya ko tsutsa ta shige shi, sa'an nan a naɗe a ganye a ɗaure huhu, a riƙa kwancewa a hanya ana yayyafa ruwa ana tsince ruɓaɓɓe, domin ya san goro yana iya yin kyau a waje alhali ɓarna ta soma a ciki. Jikokin mutanen nan ne ke zaune yau a zangogin Salaga da Yendi da Bawku, kuma amanar da kowannensu ke ɗauke da ita tsakanin haƙarƙarinsa ta fi huhun goro dubu daraja. Saboda haka, ranar da aka wayi gari aka ga hazo na farko ya rufe kukar bakin kasuwa, bayan an nemo man kaɗanya an zazzage barguna, sai a kama hannun tsohon gida da tsohuwar gida, a kai su inda ma'auni yake, a zauna a naɗe hannun riga, a ƙirga.